Rijiyar da ke Ƙirjin Buba

Kafin in bar gida, abu ɗaya na yi imani da shi a aikin likita: abin da ido bai gani ba, ba a san shi ba. Na tabbata a raina cewa ranar da aka kafa na'urar ɗaukar hoton ƙirji a Tanut, wadda muke ce wa radiyo, ranar ce mutanen Damargu za su daina mutuwa da sarƙewar numfashi. Ban ɗauki wannan a matsayin ra'ayin da ake jayayya da shi ba. Yana zaune a zuciyata kamar yadda sunana yake zaune.

Ina da dalili. Ina ɗalibi mahaifina ya kwanta a ƙauyenmu da ke ƙasar Gangara, numfashi yana shiga da ƙyar, yana fita da ƙyar. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wajenmu, ya sa kunne, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa, ya ce ba zai yanke magana ba sai an yi radiyo a Damagaram. A bayan motar gero Baba ya cika, kansa bisa cinyar ƙanensa, birnin bai ko bayyana ba. Shekaru na yi ina mafarkin hoton nan da ba a ɗauka ba. A mafarkin nakan ɗaga shi wajen taga, haske ya ratsa shi, amsar tana kwance a kai sarai, sai in farka kafin in karanta.

Akwai kuma maganar rijiya. Rijiyoyin ƙasarmu suna da zurfin da ko rana ta take tsaka haskenta ba ya kai ga ruwa. Da rani, kafin a ɗaura wa sa igiya a wahalar da shi a banza, sai mace ɗaya ta durƙusa, ta kifa fuskarta a bakin rijiyar, ta yi kira mai tsawo. Kowa ya yi shiru, har jakai kamar sun san ƙa'idar. In ƙasan busasshe ne, muryar takan dawo a mace, kamar an yi magana cikin buhu. In ruwa ya taru, takan dawo da kaifi, tana ɗan rawa a ƙarshenta. Innata aka fi turawa. Takan ɗago ta ce, "Akwai," ko ta ce, "A bari sai la'asar." Da na shiga lakwal, wato makarantar boko, sai abin ya fara ba ni kunya. Na samo ƙaramin madubi, na riƙa tare rana da shi ina jefa ta cikin ramin, ina nuna wa yara wani farin ɗigo can ƙasa ina ce musu ga ilimi. Inna ba ta taɓa hana ni ba. Takan jira in gama, sannan ta durƙusa.

Na gama jami'a, na yi aiki a Tanut cikin shekarun farin da ya cinye dabbobi, ina sauraren ƙirazan mutane ina jin haushin kunnena. Bursu, wato tallafin karatun da aka yi mini alkawari don in je in ƙware a radiyo, ya yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan bai iso ba. Wani ɗan kasuwa a Damagaram ya ce ya san babban malami a wani asibiti na Aljeriya, can bakin teku, sun yi magana, an ce in zo. Na yarda, domin ina son in yarda. Ba zan tsaya kan sallama da gida ba. Tafiyar a wurina ta fara ne a Agadas, bisa kamyo, babbar motar kaya.

A can saman kaya, tsakanin buhuna da fatu, na tarar da wani dogon Bafillace siriri, ya girme ni da ƴan shekaru, yana riƙe da sandar kiwo ko da yake babu abin kiwon da ya rage masa. Buba sunansa, daga wajen Tenhiya. Ya tambaye ni asalina. Da na ce kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓace masa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ina ta tunanin wa zai ɗaukar mini buta a ƙasar Larabawa, ashe Allah ya turo mini bawana har bisa mota."

"Bafillacen da ba shi da saniya," na ce, "wa ya ba shi bakin magana?"

Ban san zurfin gyambon da na taɓa ba. Ya yi dariya duk da haka, doguwar dariya, sannan ya mai da fuskarsa ga hamada. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ya ba mu damar faɗa wa juna abin da ba a faɗa wa baƙo, kuma da shi muka rayu tun daga ranar.

Abin da na riƙe na hamada kaɗan ne, kuma har yau ban tabbata wanne na gani, wanne na yi mafarkinsa ba. Mota tana tafiya amma duwatsun nesa ba sa matsowa. Da hantsi tafkuna sukan buɗe a gabanmu, shuɗaye, har da inuwar itatuwa a ciki, in mun nufe su sai su janye a hankali kamar mace mai kunya. Na san sunan abin, kawalwalniya, na kuma san dalilinsa a littafi, amma maƙogwarona bai daina gaskata shi ba.

Bayan mun ƙetare iyaka, shofer ya tsaya kusa da wata tsohuwar rijiya. Ya ce duk wanda takardunsa ba su cika ba ya sauka, akwai jandarmomi a gaba, zai je ya shirya da su ya dawo kafin azahar. Nawa takardun cikakku ne. Na sauka ne saboda Buba ya sauka, ya kuma miƙo mini butarsa yana cewa bawa ba ya barin ubangidansa. Mu ƴan kaɗan muka tsaya muna kallon motar har ta zama ɗigo. Azahar ta yi, la'asar ta yi, aka kwana, aka wuni. Jakata da littattafaina sun tafi da ita. Abin da ya rage mini shi ne takardun da ke aljihu da madubin aski.

Ruwan salkarmu ya kusa ƙarewa. Igiyar da muka tarar a bakin rijiyar guntuwa ce. In za a kai ƙasa sai an kwance rawuna an ƙulla, a tsaya kai buɗe cikin wannan rana, kuma mutane suka ƙi yin haka a kan ramin da wataƙila ya daɗe da ƙafewa. Na fito da madubi, na tare rana, na jefa ta ciki. Farin ɗigo ya bayyana can ƙasa. Wani ya ce ruwa ne. Wani ya ce gishiri ne, ko farar ƙasa. Suka dube ni, tunda ni ne mai karatu. Na daɗe ina kallo. Fari ne kawai.

Buba bai shiga gardamar ba. Da mutane suka koma inuwar dutse, sai ya durƙusa a bakin rijiyar, ba don neman ruwa ba. Ya kira sunan jar saniyarsa, wadda ta mutu a ƙarshe, kanta bisa ƙafarsa a hanyar Belbeji. "Woɗe," ya ce, ya ja sunan kamar yadda ake jansa da yamma in garke ya bazu. Rijiyar ta riƙe sunan ɗan lokaci, sannan ta mayar masa da shi, da kaifi, yana rawa a ƙarshe. Kamar Inna ce a bayana ta ɗago kanta.

"A kwance rawuna," na ce.

Aka kwance, aka ƙulla. Gwangwanin ya hau da ruwa mai ɗaci, mai sanyi. Da aka tambaye ni yadda na sani, na ce madubi ne, kuma ina jin haka na gaya wa kaina ma. Wata motar dabino ce ta kwashe mu daga bisani. Shoferta bai tambaye mu komai ba, bai karɓi komai ba, ya gasa mana gurasa cikin rairayi mai zafi, ya kakkaɓe ta da hularsa kafin ya miƙo.

A Tamanraset Buba ya yi niyyar tsayawa, sai ya tarar rabin Damargu sun riga shi, suna zaune a gindin bango suna jiran mai ɗaukar lebura. Ya dubi sahun, ya dube ni.

"Babarbare, in na bar ka kai kaɗai, Larabawa za su ce mu ba mu iya riƙon bayi ba."

Muka ci gaba tare. Garuruwa suka riƙa zuwa suna wucewa kamar ana buɗe ƙofofi ana rufewa. A motar Gardaya wata tsohuwa lulluɓe da fari, ido ɗaya kaɗai a waje, ta zubo mana dabino a cinya, kuma har muka sauka idon nan yana kanmu kamar yana ƙirga ko mun cinye. Daga nan ƙasa ta fara yin kore, sama ta sauko kusa, ruwa ya fara zuba a watan da a wajenmu ko gajimare ba a gani. Wata safiya hanya ta lanƙwasa, teku ya bayyana. Buba ya daɗe a tsaye, sandarsa a kafaɗa.

"Duk wannan," ya ce, "kuma ba ya shayar da ko ɗan akuya?"

"Ba ya shayarwa."

"To na mene ne?"

"Na kallo ne."

"Ashe karatunka yana da ɗan'uwa."

A asibiti na tarar malamin da aka turo ni wurinsa ya bar ƙasar tun kafin in bar Tanut, kuma babu wanda ya taɓa jin sunan ɗan kasuwar Damagaram. Shugaban sashen radiyo, wani dattijo mai suna Dokta Rashid, ya juya takarduna a hankali. Ya ce gurbin ɗalibai ya cika sai baɗi, amma ɗakin duhu yana neman hannu. In na yarda zan wanke hotuna da safe, da rana in tsaya bayan ɗalibai in saurara. Ni da aka kira likita a Tanut, na sa rigar roba ta aiki na sauka ƙarƙashin ƙasa.

Ban ƙi ɗakin ba. Wata jar fitila ce kaɗai a ciki, mai rauni kamar garwashin da aka bari a murhu. Nakan tsoma takardar cikin ruwan magani in jira, sai haƙarƙari su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar sandunan bukkar Fulani kafin a rufa tabarmi. Baƙi na ta zuwa mini ba fuska, ba suna, kowanne da zuciyarsa a rataye a tsakiya. A nan na koyi cewa radiyo inuwa take ɗauka. Iska baƙa ce, ƙashi fari ne, kuma duk abin da ba iska ba, ko ruwa, ko mugunya, ko huhun da ya cushe, shi ma fari ne. Na koyi kuma cewa hoto mai kyau yana son mutum ya miƙe tsaye, ya manna ƙirjinsa, ya ja numfashi mai zurfi ya riƙe. Wani lokaci, ina shanya hotuna, tunani yakan gifta mini cewa wanda ya fi bukatar hoton shi ne wanda ba ya iya tsayuwar kuma ba ya iya riƙewar. Nakan kore shi.

Buba ya sami aiki a wata gonar madara a bayan gari. Shanun farare ne da baƙi, ba ƙaho, ba tozo, ba suna, sai lamba a kunne. A ɓoye ya raɗa wa kowacce suna, kuma ya rantse mini sun fara amsawa. A saman rumfarsu yake kwana. Ranar Juma'a bayan masallaci mukan haɗu mu yi ta yawo muna neman gero, har muka same shi a shagon mai sayar da tsuntsaye. Mai shagon ya tambaye ni da Faransanci wane irin tsuntsu muke kiwo da yake cin wannan duka. Na fassara wa Buba.

"Ce masa babba ne," ya ce. "Babarbare ne, ba ya tashi, sai ci."

Mukan daka a turmin yaji na aro, ya kawo nono a kwalba, mu dama abin da muke kira fura don ba mu da wani sunan da za mu ba shi. Mu sha muna kallon teku. A irin wannan lokaci nakan ji ƙarar igiya bisa itacen rijiyarmu, ƙarara, har in waiwaya.

Sanyi ya shigo. Wata likitar matanite, wato sashen haihuwa, mai suna Dokta Zuhra, ta gan ni ina ratsa tsakar asibiti cikin rigar shadda haƙorana suna haɗuwa. Washegari ta sauko har ɗakin duhu ta miƙo mini rigar ulu mai hula, ta ce ta mahaifinta ce, Allah ya ji ƙansa, kuma riga ba ta son zama a akwati. Ita ce ta nuna mini sabuwar na'urarsu, wadda suke kira eko. Ta ce tana tura sauti ne cikin jiki, sautin da kunne ba ya ji, sannan ta zana hoto da abin da ya dawo. Na ga jariri a allon yana motsa hannu cikin wani baƙin fili. Na tambaye ta ko tana duba ƙirji. Ta ce malamansu sun ce iska abokiyar gabar na'urar ce, huhu yana mayar da sautin duka tun daga ƙofa. Na ji daɗin amsar. Radiyona ba ta da mai ja da ita.

Na kai wa Buba rigar ulun, domin rumfarsa a buɗe take. Ya ƙi. Ya ce Bafillace ba ya jin sanyi, wannan ciwon Barebari ne. Ya fara tari, ya ce ƙurar ciyawa ce. Wata Juma'a bai zo ba. Washegari da hantsi, ana yayyafi, mai gonar ya kawo shi a bayan motar madara.

Ban gane shi nan take ba. Yana zaune ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka da kowane numfashi, leɓunansa sun yi toka. Ba ya iya tsayuwa, ba ya iya kwanciya. Aka sa masa iska a hanci, aka turo ƙaramar radiyo aka ɗauke shi a kujera, a karkace. Ni na wanke hoton. Na hau da shi yana ɗiga, na ɗaga shi wajen taga, haske ya ratsa shi. A nan na gane inda nake tsaye. Wannan tagar ce, wannan hasken ne, hoton mafarkina ne a hannuna, kuma wannan karon ban farka ba. Na karanta. Gefen dama, daga ƙasa har kusan wuya, fari ne kawai.

Dokta Rashid ya tsaya kusa da ni ya daɗe yana kallo.

"Kai ka wanke, ka gani," ya ce. "Ko huhun ne ya cushe daga ciki, ko ruwa ne ya taru a bayansa ya matse shi. Ya karkace a kujera, ko zuciyar ba zan iya cewa ta gusa ko ba ta gusa ba. In ruwa ne, allura za ta cece shi yanzu. In ba ruwa ba ne, allurar za ta huda huhun, kuma mutumin da ke rataye da huhu ɗaya ba zai ɗauki wannan ba."

"A kwantar da shi a gefe a sake ɗauka. In ruwa ne zai gangara."

Aka gwada. Kafin kafaɗarsa ta taɓa katifa idanunsa suka juya, aka yi maza aka tayar da shi. Na ƙwanƙwasa bayansa da yatsa kamar yadda majo ya yi wa Baba. Sautin a toshe yake, amma a toshe yake zama ko wanne ne daga cikin biyun.

"Sai jira," in ji Dokta Rashid. "Magani da iska, mu ga gobe." Ba mutum ne mai sakaci ba. Ya faɗi gobe ne da muryar wanda bai tabbata akwai ta ba.

Na durƙusa gaban Buba. Ya buɗe ido, ya dubi hoton da ke hannuna. Maganarsa tana fitowa gutsi-gutsi.

"Babarbare... me madubinka... ya ce?"

"Ya ce fari."

"Can ma... haka ya ce."

Ashe ya san ba madubi ne ya gaya mini akwai ruwa a rijiyar nan ba. Tun daga hamada yake ɗauke da wannan tsokanar, yana jiran ranar da za ta fi ciwo. Na miƙe na hau bene zuwa matanite, rigar mahaifin Dokta Zuhra tana kaɗawa a bayana. Na same ta tana wanke hannu, na gaya mata abin da nake so.

"Na karanta cewa wasu suna neman ruwan ƙirji da ita," ta ce, "amma ni ban taɓa yi ba. Hannuna cikin mata masu juna biyu ya sani. Kuma na gaya maka huhu yana mayar da sautin."

"Shi nake so, Dokta. In ya mayar tun daga ƙofa, iska ce a wurin. In ruwa ne, muryar za ta shiga, ta dawo daban. A garinmu haka ake tambayar rijiya."

Ta dube ni kamar tana auna ko zazzaɓi nake yi. Sannan ta ce na'urar ta fi ƙarfin matakala, sai dai a hau da shi.

Muka ɗauko shi a kujerarsa, wani yana biye da tulun iska. Matan da ke jira a baranda, kowacce da cikinta a gaba, suka ja mayafai suna bin mu da kallo. Buba ya ga haka.

"Ina... ka kawo ni?"

"Matanite."

"Ciki... ka ce musu... ina da shi?"

"Shi za mu duba."

"In namiji ne... ba zan sa masa... sunanka ba."

Dokta Zuhra ta rufe labule, ɗakin ya yi duhu irin wanda na saba da shi. Ta shafa masa mai a baya. Ta ce a fara da gefen lafiya, domin mu san yadda lafiya take magana. Ta ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarinsa na hagu. Wani farin layi ya fito a allon yana zamewa gaba da baya da kowane numfashi, a ƙarƙashinsa kuma layin nan ne ya maimaitu, ya sake maimaituwa, kowanne ya fi na samansa dishewa, kamar kira yana mutuwa cikin rami. Ba komai bayan haka. Ta koma dama.

Allon ya buɗe. Baƙi ne mai faɗi, mai natsuwa, ba ko ɗigo a cikinsa. Can ƙasa wani abu siriri mai launin toka yana lilo a hankali, ya nutse, ya ɗago, ya nutse, kamar gugan fata da aka saki a kan ruwa bai gama cika ba. Huhun Buba ne, a matse, yana iyo. Na manta da ɗakin. Ina durƙushe a Gangara, duwatsun bakin rijiya suna ƙona mini gwiwa, jakai sun yi shiru.

"Wannan baƙin na san shi," in ji Dokta Zuhra a hankali. "Shi nake gani kullum kewaye da jarirai. Ruwa ne."

"Akwai," na ce da Hausa, ban san na faɗa ba.

Aka kira Dokta Rashid. Ya hau, ya sa tabarau, ya ce mata ta yi sama, ta yi ƙasa, ta tsaya. Ya sa ta sake nuna masa gefen hagu, sannan dama. Inda baƙin ya fi faɗi ya ɗiga alama a fatar da biro. Na miƙa hannu zan karɓi allurar, ya girgiza kai.

"Ɗan ƙasarka ne, hannunka zai yi rawa. Riƙe shi."

Na rungumi Buba ta gaba, goshinsa a kafaɗata. Yana warin shanu da ruwan sama. Na ji shigar allurar a jikinsa kamar a nawa. Sai ruwan ya biyo robar, rawaya kamar busasshen karan gero, ya fara taruwa a kwalba. A hankali aka bar shi yana zuba. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani shi ne kafaɗun da ke hawa suna sauka a ƙirjina sun fara lafawa, kamar raƙumin da ya yarda ya durƙusa, har na ji ya ja numfashi ɗaya mai tsawo wanda ya kai ƙasa. Ya juya kai ya dubi kwalbar.

"Duk wannan a cikina yake?"

"Duk."

"Ka ga Fulani. Ko a ƙasar mutane da rijiyarmu muke yawo." Ya lumshe ido. "Sake ni, Babarbare, ƙashinka yana soka na."

Da ya sami ƙarfin tsayuwa aka sake yi masa radiyo, wannan karon a miƙe, ƙirji a manne, numfashi a riƙe. Ni na wanke. Farin ya janye, kuma can saman huhun, kusa da ƙashin wuya, wani ɗan kogo ya fito, zagayayye kamar bakin tulu. Tarin fuka ne, shi ya haifi ruwan. Mun koma kan eko don mu gani ko za ta nuna shi. Ba ta nuna ba, domin yana binne cikin iska inda sauti ba ya kaiwa. Da ba don radiyo ba, da mun kwashe ruwan mun sallame shi da ciwonsa. Da ba don eko ba, da bai kai ranar da zai iya tsayuwa a ɗauke shi ba. Ya sha magani watanni masu yawa, cikin rigar ulun da a ƙarshe ya karɓa bisa sharaɗin kada in gaya wa kowa a Tenhiya.

Na yi ta tambayar kaina game da Baba tun daga lokacin. Da motar geron ta kai Damagaram, da ya iya tsayuwa? Da ya iya riƙe numfashin da ba shi da shi? In an ɗauka, me hoton zai ce ban da fari? Ban sani ba. A da ina da abin zargi, wato nisan hanya da rashin na'ura, kuma zargi yana da daɗin riƙewa. Yanzu ina da shekara hamsin, na duba ƙiraza da haske, na duba su da sauti, na ga inda kowanne ya makance, kuma har yau ban san abin da ke cikin ƙirjin mahaifina ba.

Da gurbi ya buɗe, Dokta Rashid ya tambaye ni abin da zan yi bincikena a kai. Na ce kwatanta radiyo da eko a kan masu sarƙewar numfashi, waɗanda ba sa iya tsayuwa. Ya ce babu littafin da zai taimake ni sosai. Na yi rabin karatuna a ƙarƙashin ƙasa, rabi a matanite bayan mata sun watse.

Mun dawo gida a mota ɗaya ni da Buba, butarsa a hannuna, yana numfashi da huhunsa biyu. Mafarkin hoton Baba bai sake zuwa mini ba.